Ruƙayyatu Mai Abincin Dawaki

An kawo ni gidan Baffa Sambo a Dangoma shekara guda kafin a ba mu jihar Kebbi. Gida ne da tun daga ƙofa hanci ke gaya wa mutum sana'ar masu shi: tsakar gida ƙamshin soyayyar gyaɗa, bayan rumbu kuma warin doki. Uwar mijina, Ruƙayyatu, da muke kira Inna, ita ke kai da kawo tsakanin wuraren biyu. Gajeriya ce, ba ta da jiki, amma damatsanta kamar na maƙeri saboda tuƙin tunkuza. Ba ta da yawan magana. Mijina Umaru shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In da ni take magana sai ta ce "mijinki", in da shi ne sai ta ce "kai".

A Masama aka haife ta, ta wajen Gwandu, a gidan da mata ke yin man gyaɗa tun kaka da kakanni. A soya gyaɗa, a murje, a daka, a tuƙa da ruwan zafi har mai ya taso, a matse. Abin da ya rage shi ne tunkuza, da ita ake ƙuli-ƙuli. Wannan ta iya, da shi aka kawo ta gidan Baffa, wanda iyayensa Fulani ne da suka zauna suka haɗa noma da kiwo. Abin da ya faru kafin zuwana daga bakinta na ji shi, guntu-guntu, muna zaune muna ɓarar gyaɗa.

A farkon shekarun tamanin annoba ta shiga shanu, ta share garken Baffa, fari kuma ya biyo baya. Abin da ya rage masa mai ƙafa huɗu shi ne wani saurayin doki ja mai duhu, wanda ya karɓa a musaya da bijimi kafin annobar. Ba a sa masa wani suna ba, Aharas kawai ake ce masa, da sunan launinsa. Kowa ya ce wa Baffa ya sayar, tunda dawar da mutane za su ci ma ba ta isa ba, balle doki. Ya ƙi. Kullum sai ya ɗauki buzunsa ya zauna kusa da turke, dokin kuma haƙarƙarinsa na ƙara fitowa.

Inna ta ce mini ita a lokacin ba ta damu da dokin ba ko kaɗan. Mijinta take kallo. 'Yan'uwansa biyu sun riga sun yi kudu neman kiwon haya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba, ta kuma tabbata ranar da dokin nan ya faɗi Baffa zai bi bayansu. Sai ta fara tara abin da ba mai so: ɓurɓushin ƙuli-ƙuli na gindin kasko, waken da ƙwari suka huda, dusar gero, da ɗan kanwa. Ta daka, ta yayyafa ruwa, ta kai masa. Da fari ya shinshina ya kau da kai. Da ya fara ci kuma sai ta cika masa tunkuza, cikinsa ya ɓaci. Ta rage, ta ƙara dusa, ta ci gaba da gwadawa tana duba kashinsa kowace safiya kamar yadda ake duba na jariri. Kafin damina ta biyu gashin Aharas ya kwanta yana sheƙi, cinyoyinsa sun cika, har ya fara fizgar igiya in ya ji wani doki ya wuce.

Umaru lokacin ya kai saurayi, ga shi marar nauyi, shi ya riƙa fita da shi kilisa a bakin fadama. Bayan wata Sallah aka yi sukuwa a Kalgo, suka shiga don kawai a gani, sai ga Aharas ya zo na biyu bayan wani doki daga Jega. Shekarar da ta biyo shi ya zo na ɗaya. Masu dawaki suka fara zagayen gidan, wasu na cewa laya aka binne a gindin turke, wasu na cewa rubutu ake ba shi. Baffa ya ce musu shi bai san komai ba, su tambayi mai ɗakinsa. Haka buhuna suka fara zuwa daga Kalgo, daga Wurogauri, har daga Gwandu, ana cewa a ba da haɗin Dangoma. Ba ta auna wa kowa sai ta tambayi shekarun dokin, ko yana aiki ko a tsaye yake, da yadda kashinsa yake. Wanda bai sani ba sai ta ce ya koma ya dubo.

Sau ɗaya ta taɓa kallon sukuwa. Ta je suna a Masama, ya dace ana yi a Gwandu, matar wanta ta ja ta suka tsaya can nesa wajen masu fura. Ta ce kafin ta gane wanne ne nasu har an gama. Abin da ta gani sosai shi ne bayan an gama: dawaki a tsaye cinyoyinsu na rawa, kumfa har ƙirji, wani bakinsa na jini saboda linzami, wani ga shatar bulala a ɗuwawu. Mutane sun kewaye wanda ya ci, sauran kuwa ba mai kallonsu. Tun daga ranar, in Umaru ya dawo daga sukuwa ba ta tambayar wa ya ci. Takan tambaya ko dokin ya ci abincinsa da yamma, washegari kuma ta fito ta ga yadda yake taka ƙafa.

Gab da zuwana gidan ne gwangwani ya shigo. Alhaji Lawali, wani ɗan kasuwar shinkafa a Gwandu, shi ne babban mai sayen haɗinta, shi ke da wani doki fari mai ɗigon toka da ake kira Bidi. Ya je Kaduna ya ga masu wasan ƙwallon doki suna barbaɗa wa dawakinsu wani farin gari daga Turai, ya sayo. Gwangwani ne mai hoton doki a jiki. A ranin nan Bidi ya ci a Gwandu, ya je Birnin Kebbi ya sake ci. Duk mai hali sai ya koma neman garin gwangwani, buhunan da ke zuwa Dangoma suka ragu.

Abin ya taɓa ta, ko da yake ba ta faɗa ba. Amma abin da ya fi damunta shi ne ba ta san me ke ciki ba. Ta sa Baffa ya roƙo mata wani gwangwani da ya kusa ƙarewa. Na ga lokacin da ta dangwala da yatsa ta sa a harshe, ta yamutsa fuska, ta ce ɗaci-ɗaci, da ɗan warin ƙwan da ya kwana biyu. Ta ajiye shi a cikin kwalla har ranar da Malam Lukuman ya zo.

Malam Lukuman ma'aikacin asibitin dabbobi ne, yakan zagayo ƙauyuka a kan babur yana yi wa awaki da shanu allura. Mutum ne mai sanyin murya, in aka tambaye shi abu sai ya daɗe yana tunani har a zaci bai ji ba. Inna ta sa na dama masa fura na kai zaure, ita kuma ta zauna daga bakin ƙofa ta miƙa masa gwangwanin. Ya karanta rubutun jikinsa a hankali, ya juya ya sake karantawa.

Ya ce mata naman jikin dabba ginanne ne kamar katanga, da tubala iri-iri ƙanana da ido ba ya gani, masana na kiran su amino asid. Wasu jiki na iya haɗa su da kansa, wasu kuwa sai an ci su a abinci. In doki ya yi gudu mai tsanani tsokarsa na jigata, da waɗannan tubalan jiki ke gyara ta. Dawa da gero suna da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, gyaɗa ma ba ta cika shi ba, wake ya fi su. Abin da ke cikin gwangwanin, in ji shi, an tsamo biyu ko uku ne daga cikin tubalan, aka haɗa da gishiri da sukari da bitamin.

Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To, Malam, shina sa doki gudu?"

Ya ajiye gwangwanin. "Inna, in na ce miki i, na yi ƙarya. In na ce a'a, ban tabbata ba. Dokin da abinci bai ishe shi ba, in aka ba shi zai gyaru, wannan na sani. Amma dokin da ke cin mai kyau tun da fari, ko can inda aka yi shi ba su gama gardama a kai ba."

Ta ce ai Bidi ya ci sau biyu. Ya ce haka ne, amma Bidi ɗan babban doki ne, shekarunsa ne na ƙarfi, an kuma sake masa mahayi marar nauyi a ranin. Wa zai raba wanne ya yi aiki? Da ya tafi ta ce mini mutumin nan yana magana kamar mai tsoron Allah, amma tambayarta tana nan inda ta ajiye ta. Abu ɗaya ta ɗauka: daga ranar ta ƙara wake a haɗinta.

Ba a daɗe ba kayan waje suka yi tsada, gwangwanin ya yi wuyar samu. Ana cikin damina aka sanar da sabuwar jiha, aka ce bayan girbi za a yi babbar sukuwar murna, dawaki za su zo daga ko'ina. Garba, mai kula da dawakin Alhaji Lawali, ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Alhaji na son haɗi mai yawa wanda zai kai su har ranar. Wasu ma suka aiko. Ban taɓa ganinta da walwala irin ta kwanakin ba. Muka yi ta suya da tuƙi, man ya cika tulu ya koma kwalabe, tunkuza kuma muka jera ta a masakai cikin ɗakin ajiya.

Daminar nan ruwa bai huta ba. Sai a wuni a kwana ba a ga rana ba, rufin ɗakin ajiya kuma ya fara ɗiga ta wani lungu da ba mu lura ba. Ranar da muka shiga ɗebowa muka tarar saman wasu masakan ya yi kore-kore da fumfuna. Inna ta tsaya tana kallo. Sai ta yi abin da ta ga uwarta na yi, abin da kowace mai yin mai ke yi a lokacin: ta kankare saman ta zubar, ta farfasa sauran, da rana ta leƙo muka shanya, ta kuma sake bi da shi ta kasko. Ta shinshina, ta ɗanɗana, ba ta ji komai ba. Kamar yadda ta saba da kowane sabon haɗi, Aharas ta fara ba. Ya ci, aka kwana biyu yana nan lafiya lau. Sannan ta ɗaure buhuna aka tafi da su.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Aharas ya soma barin abinci a akushi. Aka ce tsufa ne. Sai idonsa ya koma rawaya, ya riƙa tsayawa ya jingina goshinsa da bangon rumbu ya daɗe a haka, in ya taka sai ya yi tangaɗi. Malam Lukuman ya zo ya yi allura, ya sake dawowa, ba ta yi ba. Da hantsi ya mutu, kansa a kan cinyar Baffa.

Malam Lukuman ya nemi a bar shi ya buɗe cikin ya gani. Baffa ya ce a'a, a bar shi ya tafi da jikinsa. Inna ce ta fito daga ɗaki ta ce wa Baffa, "Malam, a bari ya duba. Akwai wasu dawaki." Ban taɓa jin ta saɓa masa a gaban mutane ba sai ranar. Baffa ya tashi ya shige zaure.

Hantar ta koɗe, ta yi tauri. Malam Lukuman ya wanke hannu, ya tambayi abin da dokin ke ci. Inna ta wuce gaba ta buɗe masa ɗakin ajiya, ta nuna masa inda ruwa ya ɗiga, ta gaya masa duk abin da muka yi. Ya ce mata fumfunar gyaɗa takan bar dafi a ciki, wanda kankarewa ba ta cire shi, rana ba ta kashe shi, wutar kasko ma ba ta isa ba, kuma a hankali yake cin hanta. Ya ce ba zai rantse ba tunda ba shi da na'urar gwaji, amma in da dokinsa ne ba zai ƙara ba shi ko cikin hannu ba. Ya kuma ce zai iya bi gida-gida ya ce shi ne ya hana ba dawaki gyaɗa a daminar nan, ba sai an ambaci sunan kowa ba.

"In ba a hwaɗi gaskiya ba, wani zai ɓoye nashi ya ci gaba da badawa," in ji ta. "Daga hannuna buhunan suka hita. A ce musu na Ruƙayya ne, su zubar."

Ta juya ga Umaru ta ce ya hau bayan babur ɗin Malam, su fara da Gwandu.

Sun tarar Bidi ya riga ya kwanta, don shi aka fi ɗura wa. Sauran dawakin da sauƙi, suka warware bayan an daina ba su. Amma magana ta riga ta fita. Wasu suka ce masu dawakin Jega ne suka saye ta. Wasu suka ce hassadar gwangwani ce ta sa ta rama a kan dokin Alhaji, suka manta nata ne ya fara mutuwa. Mata suka daina aiko yara sayen ƙuli-ƙuli. Sauran tunkuzar muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida muka binne, don kada awaki su tona.

Baffa bai ce mata komai ba, ko sau ɗaya. Ya ci gaba da gaishe ta da safe, ya ci abin da aka ajiye masa ko ya bari, ya ɗauki buzunsa ya koma kusa da turken da ba kowa. Ta ce mini da ya yi mata faɗa da ta fi samun sauƙi. Amma ba dokin kaɗai ke cin ranta ba. Wata rana muna tsince wake sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, tun tana yarinya ake kankare fumfuna a soya a sayar wa mutane. Ta lissafo yara biyu ko uku a Masama da ta tuna idonsu ya yi rawaya suka rasu, aka ce ciwon shawara ne. Ta ce ba ta san ko shi ne ba, kuma ba wanda zai iya gaya mata. Muka ci gaba da tsintar wake.

Aka yi girbi, aka yi sukuwar murna, daga gidanmu ba wanda ya je. Bayan kwanaki sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida da la'asar. Garba ne, da Bidi a baya, an tallafe shi da igiyoyi. Ba don ɗigon jikinsa ba da ba wanda zai gane shi. Garba ya ce Alhaji ya ce a kawo shi nan. Baffa ya tambaye shi a kan me, sayarwa ko jinya ko me? Garba ya ce wallahi iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Ya sauke dokin, ya miƙa wani gwangwanin garin nan da ya rage rabi, ya shiga mota.

Garin ya rabu biyu a kan maganar. Wasu suka ce Alhaji ya aiko musu ne su ga aikinsu ya mutu a gabansu. Wasu suka ce a'a, ya san in akwai mai iya tashinsa to a gidan nan yake. Baffa ya so ya je Gwandu ya ji daga bakinsa. Inna ta ce dokin bai iya jiran a je a dawo, a ɗaure shi tukuna.

Malam Lukuman ya ce hantar da ta jigata ba ta son abinci mai nauyi: ba gyaɗa, wake ma a bari. Ɗanyar ciyawa, dusa, jiƙaƙƙiyar dawa kaɗan-kaɗan sau da yawa, ruwa mai tsabta, da inuwa. Game da gwangwanin kuwa ya sake karanta jikinsa, ya ce ɗan ƙaramin cokali ba zai cutar ba, wataƙila ya taimaka, wataƙila kuma ba zai yi komai ba. Inna ta ɗauko cokalin shayi ta ware shi. Kowace safiya ita ke auna garin da ya kore mata masu saye, ta share saman cokalin da yatsa don kada ya wuce, ta cuɗa a dusa.

Baffa ya yi wa Bidi rumfar zana. Ya koma fita da sassafe da lauje zuwa fadama yankan ciyawar burgu, ya dawo wandonsa jiƙe da raɓa. Maganar farko mai tsawo da na ji sun yi tun mutuwar Aharas a kan kashin Bidi ce: shi yana cewa ya fara haɗuwa, ita tana cewa da saura, launin bai yi mata ba. Suka daɗe a tsaye suna musu a hankali, ni kuma na koma ɗaki na bar su.

Bidi ya tashi, amma a hankali ƙwarai. Sai da wata daminar ta zagayo kafin ya iya ɗaukar mutum. Gudu kam ya ƙare. Baffa ya aika wa Alhaji cewa doki ya samu, amsar da ta dawo ita ce an gode, Allah ya saka. Ba a ce a mayar ba, ba a ce a riƙe ba. Haka Baffa ya riƙa hawansa ran kasuwar Kalgo, tafiyar ƙasaita ba gaggawa. In suka wuce inda ake kiɗa sai Bidi ya miƙe kunnuwa ya fara taka rawa a gefe-gefe, Baffa ya shafa wuyansa har ya lafa.

Inna ta daɗe ba ta sake haɗa abincin doki ba. Masu sayen mai da ƙuli-ƙuli sun dawo da kaɗan-kaɗan. Sai wani rani wani mutum daga Wurogauri ya zo da goɗiya ramammiya mai shayarwa, ya ce shi bai damu da abin da aka ce ba. Ta fita ta dubi goɗiyar, ta dawo ta ɗora kasko. Daga nan ta koma yi, amma da sharuɗɗanta. Da rani kawai. Ba ta ajiya, abin da aka yi yau a ɗauke shi cikin kwanakin nan. Gyaɗa kuma sai an baje ta a faifai an tsince ɗaya-ɗaya, duk wadda ta motse ko ta sauya launi a jefa wuta, ko ta doki ce ko ta mutane. Ni aikin tsintar ya fi faɗa wa, na kuwa yi ƙorafi ba sau ɗaya ba, don yana cin rabin yini kuma mudu na raguwa. Ita kuwa sai dai ta jawo faifan ta sake bin abin da na riga na tsince. Masu saye ba su koma kamar da ba. Injinan matsar mai sun shigo, ana kawo dusar kamfani a buhu, sukuwar ma ta ja baya.

Baffa ya rasu da sanyin shekarar casa'in da bakwai, bayan gajeriyar jinya. Duk tsawon takabarta Umaru ke yanko ciyawa, ita kuma ta kai wa Bidi da hannunta tunda turken a cikin gida yake. Da ta fita takaba ta kira Umaru ta ce masa dokin nan ba gado ba ne, ba a taɓa cewa an ba su ba. Wanda aka kawo wa ya tafi, sai a mayar wa mai shi. Umaru ya ce ai shekaru sun wuce, wa ke tunawa? Ta ce ita.

Ya samu motar da ta kai su Gwandu. Abin da ya tarar shi ya ba mu labari. Alhaji Lawali ya tsufa, idonsa ya yi rauni, dawakin duk an sayar, inda bargar take 'ya'yansa sun zuba siminti suna ajiye motocin haya. Aka fito da shi ya zauna a kan kujera. Ya sa aka matso da Bidi, ya bi fuskarsa da hannu har zuwa wuya. Sannan ya yi ta'aziyyar Baffa, ya tambayi lafiyar Inna.

Umaru ya ce ganin yadda tsohon ya sake ne ya sa ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi abin da garinmu ya daɗe yana gardama a kai: da wace niyya ya aiko dokin a wancan lokaci?

"Ɗana, ni kaina ban sani ba," in ji Alhaji. "Raina a ɓace yake ranar, ba zan ɓoye maka ba. Amma kuma na duba duk ƙasar nan ban ga wanda zai zauna da shi ba sai su. Ka koma da shi. Nan ko turke babu."

Umaru bai samu motar dawowa da doki ba a ranar, ya kwana wajen dangin Inna a Masama, washegari suka kamo hanya, wani wuri ya hau wani wuri ya ja. Da yamma suka iso. Muna tsakar gida, ni ina murza ƙuli-ƙuli ita tana kwashewa daga mai, muka ji takun kofato a zaure. Ta ɗago ta dube su, shi da dokin duk sun yi buɗu-buɗu. Umaru ya fara ba ta labarin yadda aka yi, ta ɗaga matsami ta tsayar da shi.

"Kai, ba shi ruwa tukuna. Kaɗan-kaɗan, ya sha tahiya."

Ta ce mini in kula da kaskon kada ya ƙone, ta tashi ta shiga ɗebo dusa.